B450, A520 ko B550: wane madabod zan ɗora wa Ryzen 5 5600G?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata zanen katin gayyatar biki da sitika da kalanda, da CorelDRAW da Photoshop nake aiki. Laftof ɗina ta gaji, in na buɗe babban fayil sai na sha shayi na dawo ba ta gama tunani ba. Shi ne na ce bari in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, kaya ɗaya bayan ɗaya, daidai ƙarfin aljihu. Wani abokina ya sayar mini da furosesa Ryzen 5 5600G da fankarsa, don an ce yana da girafik a cikinsa, ba sai na sayi katin girafik yanzu ba.

A madabod na maƙale, wato faifan da ake jona furosesa da sauran kayan kwamfuta a kansa. Na zaga Farm Centre, na kuma tambayi wani a Computer Village na Legas ta waya. Akwai Gigabyte B450M DS3H na hannu, shi ne mafi araha. Akwai sabon ASUS Prime A520M-K a kwali. Sai MSI B550M Pro-VDH WiFi, wanda kuɗinsa ya fi sauran nesa ba kusa ba. Wani kuma ya nuna mini haɗin X99 na China, bod da furosesa Xeon da RAM a kuɗi ɗaya, ya ce in sayar da Ryzen ɗin in huta. Sannan yayana ya ba ni tsohon akwatin HP na ofis, ina so in yi amfani da shi da fawa fak ɗinsa, mai ba kwamfuta wuta, in rage kashe kuɗi. Da daddare ina ɗan taɓa eFootball, ba wani babban gem ba. Don Allah a ba ni shawara.

Baba Mai Soda ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka fara da ƙafar dama tunda furosesa ka fara saye. Shi ke zaɓar bod, ba bod ke zaɓarsa ba. Naka na soket AM4 ne, wato irin gurbin da yake zama a jikin bod, kuma dukkan ukun da ka lissafa AM4 ne, zai zauna a kowanne. Amma zama daban, tashi daban.

B450 ya fito a 2018, 5600G kuwa sai 2021. Bod ɗin da aka ƙera kafin furosesan ya zo duniya bai san shi ba sai an sabunta masa BIOS, wato 'yar manhajar da ke jikin bod mai tayar da kwamfuta. In ba a yi ba, za ka haɗa komai daidai, ka danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Irin wannan ake kawo mini shago ana rantsuwa an sayar wa mutum da mataccen bod, alhali lafiyarsa ƙalau. B450M DS3H ba shi da hanyar sabunta BIOS ba tare da furosesa ba, dole sai an samo tsohon Ryzen an ɗora, an sabunta, an cire, sannan a sa naka. In mai kayan zai yi maka wannan a gabanka, ka ga 5600G ɗinka ya tashi da idonka, to babu laifi. In ya ce ka je gida zai yi, ka bar masa kayansa.

Shi MSI ɗin yana da ɗan maɓalli a baya, Flash BIOS Button. Ka sauke fayil daga shafin kamfanin, ka sa a filash, ka jona wa bod wuta, ka danna, shi kenan, ko furosesa babu a kai. Gigabyte na kiran nasu Q-Flash Plus, kuma B550M DS3H na da shi, ka tambayi kuɗinsa ma. Kar ka ɗauka don B550 ne ba ya buƙatar sabunta BIOS: ya fito a 2020, wanda ya daɗe a sito ana iya samunsa da tsohon BIOS. Sai dai ka ji ni da kyau, kar ka kuskura ka yi wannan aiki da wutar NEPA tsurarta. In aka ɗauke a tsakiya, bod marar maɓallin nan sai an kai shi wajenmu an ciro cif ɗin an rubuta masa da na'ura. Ka yi a kan UPS ko inbata.

Akwatin HP kuwa, ka gode wa yayanka, ka ajiye. Yawancin na ofis ɗin nan, HP da Dell da Lenovo, bod ɗinsu da ramukan ƙusa da wayar wuta duk na gidansu ne. Bod ɗinka na son filogi mai baki 24 da wani mai baki 8 na furosesa, su kuwa sau da yawa ƙaramin filogi ne nasu na daban. Ukun da ka gani duk micro-ATX ne, ba su wuce milimita 244 kowane gefe ba, yawancin akwatunan kasuwa masu araha za su ɗauke su.

X99 ɗin ba zan ɓata baki ba. Xeon ɗin ba shi da girafik, sai ka sayi kati, kuma ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025.

Injiniya Ta Samaru ta rubuta:

Baba, da girmamawa, ni dai ban ga abin da zai kai shi B550 ba. Babban abin da ake biyan kuɗi dominsa a B550 shi ne PCIe 4.0, wato hanyar da katin girafik da SSD, ma'ajiyar fayiloli, ke magana da furosesa, kuma 5600G iyakarsa PCIe 3.0. Ko a wane bod aka ɗora shi, SSD da katin girafik a 3.0 za su yi gudu. Furosesa ne mai wat 65, ba ya wahalar da bod. A520 ba ya barin a ƙara wa furosesa gudu, to mai zanen kati me zai yi da wannan?

Ɗan'uwa, inda kuɗinka zai yi magana shi ne RAM. Girafik ɗin 5600G ba shi da ma'ajiyarsa, daga RAM ɗinka yake ɗiba. Saboda haka ka sayi sanda biyu na 8GB DDR4-3200, kar ka sayi ɗaya na 16GB. Biyu na aiki ta hanya biyu lokaci guda, kuma a eFootball za ka ga bambancin da idonka. In ka haɗa, ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM gudu da cikakken saurinsa, ASUS na kiransa DOCP, in ba haka ba RAM ɗin na iya tsayawa a 2133 ko 2400 kana zaton 3200 kake ci.

Abin da kawai ban so a A520M-K shi ne gurbin RAM biyu ne da shi. Ranar da Photoshop ya cinye 16GB, sai ka cire naka duka ka sayi wasu. Ka nemi A520 mai gurbi huɗu, irin Gigabyte A520M DS3H.

Baba Mai Soda ya rubuta:

'Yata, maganarki ta PCIe gaskiya ce, ban musa ba. Amma ki zo shagona a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, janareto na ruri, sannan ki taɓa gefen soket na ƙananan bod ɗin nan. Sassan da ke rage wa furosesa wuta tsirara suke, ba ƙarfen sanyaya a kansu. Da 5600G za su jure, na yarda. Amma yaron nan gobe zai ce yana son Ryzen 7 5700X da kati, na san halinsu. A nan B550 ke biyan kuɗinsa, har PCIe 4.0 ɗin ya farka. Kuma MSI ɗin na da gurbin M.2 biyu na sa SSD da WiFi a jiki. In da hotspot na waya yake shiga intanet, ki lissafa masa kuɗin ɗan filogin WiFi a kan na A520 ɗin tukuna, ki ga ko ratar na nan yadda take.

Na Damagaram ya rubuta:

Ni tambayata, me ya sa kowa ke maganar AM4? Soket ne tun na 2016. AM5 ya fito a 2022, shi ke da gaba.

Injiniya Ta Samaru ta rubuta:

Malam, AM5 DDR5 kaɗai yake ci, kuma 5600G ba ya shiga cikinsa. Ka ce ya sake furosesa da RAM da bod ke nan. Mutumin da ke neman akwatin kyauta fa.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba da Anti. Injiniya, kin gama da ni da maganar akwatin kyauta, amma gaskiya ce. Na koma kasuwa, mai B450 ya ce ba shi da tsohon Ryzen da zai gwada, don haka na haƙura da shi. Zuciyata ta karkata ga MSI ɗin saboda WiFi da gurbin RAM huɗu, SSD ɗin sai in fara da 512GB. Saura fawa fak. Akwai akwatin da ake sayarwa da nasa a ciki, an rubuta wat 500 a jiki, babu sunan kamfani. In ɗauka?

Baba Mai Soda ya rubuta:

Ɗauki akwatin, bar fawa fak ɗin. Ka ɗaga shi a hannu, za ka ji ba nauyi, lambar da ke jiki ado ce. Irinsu in sun tashi mutuwa ba sa tafiya su kaɗai, da bod suke tafiya. Nemi na kamfanin da aka sani, Corsair ko Cooler Master ko EVGA, wat 450 zuwa 550 ya ishe ka har ka sa matsakaicin kati, ka haɗa da sitabilaiza ko UPS.

Ranar haɗawa, allurai a jikin furosesan AM4 suke, ba a bod ba. Ka duba na abokinka a haske kafin komai, in akwai lanƙwasasshe ka kawo mini kar ka sa wuƙa. Ka daidaita ɗan kusurwar zinariya da alamar da ke soket, zai faɗa da kansa, ba a dannawa. RAM biyun kuma a gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa, A2 da B2, ba kusa da juna ba. Farantin bayan bod, na wajen su USB, ka fara maƙala shi a akwati kafin ka ɗaure ƙusa ko ɗaya.