Da'ira a gonar acca

Baban Hauwa, Bukuru: Jama'a, ɗana ya ɗauki hoton gonarmu ta acca daga sama da ƙaramin jirgi mara matuƙi. Ga wata da'ira kore shar, sauran gonar ta soma rawaya. A ƙasa kuwa, ba ka ganin komai. Mene ne wannan?

Malama Rabi: Baba, wataƙila tsohon gwalalo ne da ƙasa ta cike. Yana riƙe danshi, shi ya sa shukar ba ta bushe ba. Farin da aka yi a 2018 ya fallasa irinsu da yawa a Ingila.

Ɗan Dilimi: A Bukuru? Kar a manta da ramukan kuza fa!

Malama Rabi: Gaskiyarka. Hoto ba ya faɗin shekaru. Sai masana sun haƙa, sun duba tsingaro, sun auna shekarun gawayin da suka samu. Baba, kada ku tona, ku kai hoton gidan tarihi na Jos.