Tsohon gidanmu na Unguwar Rimi, Kaduna: a ƙara masa sashe ko a rushe?

Ɗan_Unguwar_Rimi:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen masu sanin harkar gini. Gidan mahaifinmu ne Allah ya jiƙansa, irin ginin ma'aikatan gwamnatin Arewa na wajajen 1960, mai faffaɗar baranda da silin can sama da tagogin luba, ƙasan duk tarazo ne har yau bai tsage ba. Matsalar banɗaki ɗaya ne tak, kicin ɗan mitsitsi, falo ɗaya maza da mata, in Hajiya ta yi baƙi sai dai mu koma gindin mangwaro. So muke mu ƙara mata sashenta, ɗaki biyu da falo da banɗaki. Ƙannena sun ce a rushe kawai a yi bene, ni kuma wallahi raina bai so ba, gidan nan ko a watan Afrilu babu wuta sai ka yi barcin rana a ciki. Ya za a yi a ƙara ba tare da an ɓata shi ba?

Injiniya_KD:
Allah ya jiƙan Baba. Malam kar ka bari a taɓa fuskar gidan, ta baya za ku yi ƙarin. Kuma sabon ginin ya samu fandishonsa daban, kar birkila ya ce zai ɗinke sabon bulo cikin tsohon bango, shi tsohon ya gama zama tun tuni sabon kuwa yanzu zai fara, damina ɗaya biyu za ka ga tsaga daidai mahaɗar. Ni da zan samu yadda nake so a bar tazara tsakaninsu a haɗa da 'yar baranda mai rufi, sai tsakanin ya zama tsakar gida, Hajiya ta samu wajen shanya da shan iska, tagogin baya kuma ba a toshe su ba. Sanyin da kake faɗa daga nan yake, iska na shiga ta nan ta fita ta can, ga bakin rufin ya leƙo sosai rana ba ta dukan bango. Luba kusan duka take buɗewa, silaidin rabi ne kawai, kuna canzawa kun rage iskar. In gilas ya fashe a sa wani, har yanzu ana samu. Sabon rufin ya bi gangaren tsohon kuma kar ya fi shi tsawo.

Maman_Barnawa:
Ni dai roƙona kar ku liƙa tayil kan tarazon nan!! A kira masu injin gogewa su wanke shi za ku sha mamaki. Maƙwabtanmu sun sare darbejiya da mangwaro sun shimfiɗa intalok ko'ina, suka sauke silin da POP, yanzu in babu janareto ba a zaman falon. Amma kicin kam ku faɗaɗa ba tausayi, Turawa ba su san tukunyar tuwon gidan yawa ba.

Abban_Kawo:
Gaskiya ina bayan ƙannenka. Gyaran tsohon gida rami ne, kana buɗe nan can na ɓallewa, kuma filin Unguwar Rimi ya fi ƙarfin gida ɗaya. Tunda gado ne ku zauna duka magada ku daidaita kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya.

Tsohon_Magini:
Maganar magada gaskiya ce ɗana, amma rushewa ban goyi baya ba. Ƙofofin irin gidajen nan da yawa katakon maɗaci ne, a kankare fentin a shafa banish, irinsu yanzu sai an sha wuya. Abin da za ka cire ba jayayya shi ne wayarin da tsofaffin bututun ƙarfe na ruwa, sun yi tsatsa ta ciki. Ka sa kafinta ya hau cikin rufi ya duba gara kafin komai. In silin ɗin asbestos ne a kula sosai, ƙurarsa na illata huhu, a jiƙa shi a sauke ɗaya ɗaya ba fasawa, masu aikin su rufe hanci, yara su bar gidan ranar. In ka samu lokaci ka leƙa Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, ka ga yadda ginin zamanin yake in an riƙe shi.

Injiniya_KD:
Na manta, ko ɗaki ɗaya za ku ƙara sai an kai zane KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, sun amince, takardun filin kuma ku duba su a KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta jihar, tunda har yanzu sunan marigayi ne a kai. Kafin a haƙa fandisho a nemo inda tsohon sokawe yake, galibi a bayan gida suke sa shi, daidai inda kuke son yin ginin.

Ɗan_Unguwar_Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sokawen kuwa a bayan yake, kusa da boskwata. Injiniya in an matsar da shi gefe mangwaron zai tsira ko dole sai an taɓa saiwarsa?