Wace doka ce take kare fadamun Hadejia da Nguru?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. An ce tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da su, aka ƙara da Baturiya a 2008. To me ya sa ciyawar ruwan nan, kachala, take ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, kamar babu mai tsawata mata?

Malam Na-Gona:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ramsar alkawari ne tsakanin ƙasashe, ba ta hukunta kowa, kuma ko da yake hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin kare dausayi da gaɓar koguna a 2009, asalin matsalar tana can sama, wajen madatsun ruwa. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Hadejia yakan cika ya yi ambaliya da damina, sannan ya janye da rani, ƙasa ta bushe, kachala ta mutu. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano, shi ya sa ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, maƙwabcinsa kuma yana kukan fari. A ganina, duk manufar da ba ta tsara lokacin sakin ruwa ba, aikin baban giwa ce.

Hajiya 'Yar Bade:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma kada a manta da tsuntsayen jan baki, waɗanda suke kwana cikin kachalar, da asuba su sauka a kan shinkafa da gero. Mun sha fita gayya da lauje da kwalekwale muna sara, kafin shekara ta zagayo ta tsiro kamar ba a taɓa ta ba.

Malam Na-Gona:
Gaskiyarki, Hajiya. Sara kaɗai ba ya magani matuƙar saiwar tana cikin ruwa. Jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun kafa asusun kula da kwarin kogunan Hadejia, Jama'are da Komadugu-Yobe a 2006, kuma nan ne ya kamata masunta da manoma da makiyaya su matsa a zauna da su kafin a yanke ranar buɗe dam.