Kofin Paris-Nice na 2022: na Roglic ne ko na Van Aert?

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'a. Tunda Maris ya kama, lokacin Paris-Nice, tseren keke na ƙasar Faransa, ya zagayo, zan faɗi abin da ya daɗe a raina, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Kofin 2022 sunan Primoz Roglic aka rubuta a kai, amma abokin ƙungiyarsa Wout van Aert ne ya ciwo shi. Ranar ƙarshe a Nice, ana ruwan sama, Simon Yates, mai bin Roglic a matsayi na biyu, ya ɓalle a hawan Col d'Eze, Roglic kuwa ƙafa ta ƙi. Van Aert ya shiga gabansa, ya ja shi har saman dutsen, ya ja shi a gangara, ya ja shi har layi. A cire Van Aert a wannan rana, riga mai ruwan ɗorawa, wadda jagoran tsere ke sawa, ta koma jikin Yates.

Aminu: Wa'alaikumus salam, Malam. Da girmanka, amma ka ɗauki zango ɗaya ka bar bakwai. Tseren nan zango 8 ne, kuma jimillar lokaci ake lissafawa. Daƙiƙa 47 da Roglic ya kwana da su a kan Yates kafin ranar ƙarshe, daga ina suka zo? Jajibirin ranar shi ya ci zangon Col de Turini, hawa mai tsawo, kuma a ƙarshensa babu wanda ke tura masa feda. Van Aert ya tsare ratar da ya tarar, ba shi ya samar da ita ba.

Malam Sabo: To ita ratar ma ƙungiya ce ta fara haƙa ta. Ka manta zangon farko? 'Yan Jumbo-Visma uku suka tsere wa kowa, Christophe Laporte da Roglic da Van Aert, suka iso layi tare, aka bar wa Laporte zangon. Tun ranar aka fara bin Yates bashin lokaci.

Khalifa: Baba Sabo, ku yi haƙuri, ni sabo ne a harkar. Kowa keken kansa yake tuƙawa, ta yaya wani zai ja wani ba igiya?

Anti Rabi: Khalifa, iska ce. In kana gudu sosai a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya lafe a bayan tayar wani, na gaban ne ke sha masa ita, shi kuma ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Ka gwada ranar Lahadi a titin Zariya, musamman in iskar hunturu na kaɗawa: ka tsaya gaba na minti biyar, sannan ka koma bayan Aminu, cinyarka za ta ba ka amsa. Sai dai a hawa mai tsauri gudun yana raguwa, amfanin laɓewar ma ya ragu. Shi ya sa ban bi Malam Sabo gaba ɗaya ba. A Col d'Eze da Roglic ya ƙare ƙurmus, ko mutum goma aka jera masa a gaba ba zai iya riƙe tayarsu ba. Riƙe tayar Van Aert a irin wannan rana shi ma aiki ne.

Aminu: Allah ya saka da alheri, Anti. Kuma a zango na huɗu, tseren ɗaiɗai da agogo, inda doka ta hana laɓewa a bayan kowa, Roglic ne na biyu. Wa ya ja shi ran nan?

Malam Sabo: Wa ya zo na ɗaya a wannan zangon? Faɗa musu mana. Van Aert.

Aminu: Shi ne, ban musa ba. Har rigar ma ya sa. Amma da aka shiga duwatsu washegari sai ya saki, ya yi asarar mintuna masu yawa. Mai neman kofin tseren zango-zango ba shi da ranar hutu. Van Aert yana iya ajiye ƙarfinsa yau don gobe, Roglic ba shi da wannan damar ko sau ɗaya a kwana takwas.

Alhaji Garba: Na karanta duka. Sabo, ni abin da ya fi ƙarfafa maganarka ba ka ma kawo shi ba, wato 2021. A shekarar Roglic ya fi kowa ƙarfi a fili, ya ci zango uku, ya shiga ranar ƙarshe da rigar a jikinsa. Ya faɗi sau biyu, kafaɗa ta goce, abokan ƙungiyarsa suka ƙare wajen ƙoƙarin mayar da shi cikin ayari, ya rage shi kaɗai yana bin iska. Maximilian Schachmann ya ɗauke kofin. Mutum ɗaya, tsere ɗaya, shekara biyu a jere: ranar da ya rasa mai ja ya rasa kofi, ranar da ya samu ya tsira da daƙiƙa 29. Amma duk da haka ba zan ce kofin na Van Aert ba ne. In an yi gayya a gonar mutum, hatsin na mai gona ne, 'yan gayya kuma ba wanda ya isa ya ce ba su yi noma ba. Su ma can sun san haka, shi ya sa al'adarsu kuɗin kyauta a tara a raba wa 'yan ƙungiya, har makanikai da masu tausa su samu.

Anti Rabi: Alhaji, faɗuwa ce ta kayar da shi a 2021, ba rashin abokai kaɗai ba. Kada mu haɗa biyun.

Alhaji Garba: Haka ne, Rabi. Amma bayan faɗuwa ai tashi ya yi ya hau, abin da ya rasa shi ne wanda zai kai shi.

Malam Sabo: Ranka ya daɗe, abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan yaranmu ne. Duk Lahadi in mun fita, kowa so yake ya lafe a baya ya zo ya fizge a ƙarshe. Ka ce wa yaro ya karɓi gaba na kilomita biyu, sai ya ga kamar ka raina shi. Suna ganin hoton mai riga a kan dandamali, ba sa ganin mutum shidan da suka ɗebo masa ruwa daga mota, suka tare masa iska, suka shirya ba shi kekensu in tayarsa ta yi faci. Ina so su san sunan Van Aert kamar yadda suka san na Roglic.

Aminu: A kan wannan muna tare, Malam, kuma ni zan karɓi gaba daga Na'ibawa ranar Lahadi. Amma sanin sunansa daban, ba shi kofin da bai ci ba daban.

Malam Sabo: To ka amsa mini wannan. A 2025 Yates ɗin nan ya koma ƙungiyarsu Van Aert. A Giro d'Italia, babban tseren keke na Italiya, zango na 20, ya ɓalle a hawan Colle delle Finestre, ya tarar da Van Aert yana jiransa a gaba, ya ja shi a kwari har ratar ta fi ƙarfin Isaac del Toro, jagoran tseren a lokacin. Wanda ya hana Yates kofi a 2022 shi ya kai shi ga kofi a 2025. Duk inda ya tsaya can nasara take.

Aminu: Finestre kuma Yates shi kaɗai ya hau shi, Malam. Sai da ya kai sama da ratarsa sannan ya ga Van Aert.

Khalifa: Ni dai Lahadi ƙarfe nawa, kuma a ina za a haɗu?

Anti Rabi: Bayan sallar asuba, gadar Dangi. Ka duba birki da iskar taya tun dare.