Maɓallin rufe taga a WPF ya ƙi dannuwa bayan na ɗaura masa umarni

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wata manhajar kwamfuta da harshen C# a kan WPF (tsarin Microsoft na gina fuskar manhajojin Windows), kuma tsarin MVVM nake bi, wato raba fuskar manhaja da lambar da ke sarrafa aikinta. Na sanya maɓallin "Rufe" a wata ƙaramar taga, na ɗaura masa umarnin ApplicationCommands.Close a cikin XAML (harshen da ake tsara fuskar tagar da shi), amma da zarar manhajar ta tashi sai maɓallin ya dushe, ba ya dannuwa ko kaɗan. Shin akwai abin da ya rage ne, ko kuwa dole sai na koma ga Click, wato rubuta aikin danna maɓallin a cikin lambar tagar kai tsaye, wanda shi nake gudu tun farko?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, Malam. ApplicationCommands.Close suna ne kawai, WPF bai haɗa shi da wani aiki ba. Maɓallin yakan bi ta kan abubuwan da ke ɗauke da shi har zuwa tagar, yana neman CommandBinding (abin da ke haɗa umarni da aikin da zai yi) da zai amsa umarnin, idan kuma bai samu ba sai ya ɗauka cewa umarnin ba zai gudana ba, shi ya sa ya dushe. Ka ƙara CommandBinding a cikin Window.CommandBindings, sannan a Executed, inda ake rubuta aikin umarnin, ka kira Close(). A ganina wannan bai saɓa wa MVVM ba, domin rufe taga aikin tagar ne.

Maginin Manhaja:
Na yarda da bayanin, amma bai wadatar ba idan akwai bayanan da ya kamata a adana kafin a rufe, domin a nan ViewModel, wato ɓangaren da ke riƙe bayanai da umarnin tagar, shi ne ke da hurumin yanke hukunci. Mutane da yawa sukan miƙa masa tagar kanta a matsayin CommandParameter ta hanyar RelativeSource, kuma hakan yana aiki, sai dai ViewModel ya dogara da tagar (Window) ke nan, abin da ke wahalar da gwaji daga baya. Ni na fi son ViewModel ya tayar da sanarwar neman rufewa, tagar kuma ta saurare ta ta rufe kanta. Ka lura kuma cewa alamar X da Alt+F4 ba sa bi ta umarninka, saboda haka tambayar "a adana?" a cikin Closing (sanarwar da taga ke bayarwa gab da rufewa) ya kamata ta zauna, inda e.Cancel zai iya dakatar da rufewar.

Tsohon Hannu:
Haka ne. Idan ma da ShowDialog() ake buɗe tagar, wato yadda sai an rufe ta kafin a koma sauran tagogin, IsCancel="True" a kan maɓallin ya isa, har Esc zai rufe ta.

Mai Neman Sani:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Da Show() nake buɗe ta, ba ShowDialog() ba, kuma akwai fom ɗin da ake cikewa a ciki, don haka zan bi hanyar sanarwar, in mayar da tambayar adanawa cikin Closing.