Wane suna za mu ba fentin nan mai kaushi na bayan akori-kura?

Malam Bello mai fentin mota: Assalamu alaikum jama'a. Akwai fentin da masu Hilux da sauran akori-kura suka fara nema a nan Sakkwato, mai kauri da kaushi, wanda ake yi wa bayan mota inda ake zuba kaya. A jikin kwalbarsa an rubuta bed liner. Yaran gareji suna cewa bedlaina, wasu fentin roba, wasu kwalta, wasu kuma su kira kowane iri da sunan Raptor, alhali wannan sunan kayan kamfanin U-POL ne kawai. Sai mai mota ya aiki yaro kasuwa da ɗaya daga cikin sunayen nan, a dawo masa da wani abu daban. Abubuwa uku ne Turawa suka haɗa a suna ɗaya. Akwai kwandon roba da ake saukawa cikin bodi a ɗaure da kusoshi. Akwai wanda kamfanoni irin su LINE-X da Rhino Linings suke fesawa da inji mai ɗumama sinadarin, ya bushe nan take, wannan ba aikin ƙaramin gareji ba ne. Sai na uku, wanda mutum zai saya ya yi da kansa da rola ko bindigar feshi. Shi muke nema wa suna.

Alhaji Garba mai albasa: Wa alaikumus salam. Malam Bello, mi ya hana mu ce shimhiɗa? Abin ga dai shimhiɗa shi aka yi ma mota don kaya su kwanta bisa. Shimhiɗar mota, an gama.

Injiniya Sani: Alhaji, shimfiɗa ana naɗe ta a ɗauke. Sunan ya dace da na farkon, kwandon roba, kuma gara mu bar masa shi: shimfiɗar roba. Bambancin yana da amfani ga mai kaya irinku. Kwandon ba ya manne da ƙarfe, yashi da ruwa suna shiga ƙarƙashinsa, mota na tafiya yana gogar fentin asali kamar samfefa, tsatsa tana ci ba wanda ya gani. Mai ɗaukar awaki daga Achida ko Illela, fitsarin dabba a nan yake kwanciya, haka ma burbushin takin zamani. Wanda Malam Bello yake nufi kuwa kama ƙarfen yake yi, babu inda ruwa zai bi ya shiga, muddin an gyara wurin da kyau.

Nura: To ai kwalta ya riga ya kama bakin mutane, Oga. Baƙi ne, mai kauri ne. Me zai sa mu wahalar da kanmu?

Malam Bello mai fentin mota: Nura, sunan da ya fi kowanne ɓarna ke nan. Akwai kwalta ta gaske da ake fesa wa ƙarƙashin mota, kuma gwangwaninta yana kama da na wannan, bindigarsu ma ɗaya ce. Ita ba ta taɓa sandarewa sosai. A zafin Afrilu, da Sakkwato ke wuce digiri 40, laushi take yi ta kama buhu, fetur ya zuba mata ta narke, kuma fenti ba ya zama a kanta. Wanda ya shafa ta a bayan mota sai an kankare ta kaf kafin a yi aikin kirki. A bar wa kwalta sunanta.

Malama Hadiza mai koyar da kimiyyar sinadarai: Fentin roba ma bai yi ba. A bakinmu bokiti roba ne, taya roba ce, danƙo roba ne, ba a san wanne ake nufi ba. Kuma kafin a sa suna ya kamata a san cewa na ukun nan shi ma kashi biyu ne, duk da yawancinsu dangin sinadarin da ake kira foliyuretan ne.

Akwai mai haɗi, wanda sai an zuba masa hadina, wato sinadarin da ke sandarar da shi. Raptor misali kashi uku na fenti ne da kashi ɗaya na hadina: kwalba tana zuwa da mililita 750, a zuba mata 250, a girgiza minti 2, ta zama lita ɗaya. Da zarar an haɗa, agogo ya fara. Kamfanin ya ce kamar awa ɗaya ake da ita, amma a digiri 20 suka auna. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin haɗuwar sinadari, don haka a bazararmu kada kowa ya sa ran rabin wannan lokacin ma. Kwalba ɗaya ake haɗawa, a fesa, sannan a haɗa ta gaba.

Akwai kuma marar haɗi, irin Herculiner, mai ɓarɓashin roba a ciki, da rola ake yin sa. Shi danshin iska ne yake sandarar da shi. Da hunturu, iska a bushe ƙayau, yakan daɗe yana danƙo, ƙura kuma tana sauka tana mannewa. Gwangwanin da aka buɗe ba ya ajiyuwa. Na gwangwanin fesawa da hannu kuma siriri ne, na ƙananan wurare da faci ne, ba zai ɗauki jan buhu da shebur ba.

Ni sulke nake ba da shawara. Fentin sulke, tunda kariya ce.

Injiniya Sani: Sulke yana da daɗin faɗa, Malama, amma tsoro nake ji masu talla su ɗauke shi su yi wa mutane alkawarin da fentin ba zai cika ba. Kaurinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba a aikin gida. Yana hana ƙarzuwa da zamewar kaya, yana rage ƙara, amma in aka jefo bulo ko gas silinda, ƙarfen zai lotsa. Kuma a nan in ka ce mota mai sulke, wadda harsashi ba ya hudawa za a fahimta.

Baba Umaru magini: Ku yara kuna ta nema nesa, abin ga shina cikin ɗakunan iyayenku. Daɓe ne. Da can in anka gina ɗaki, sai a share ƙasa a daidaita ta, a zuba marmara, a yayyahwa ruwa, mata su taru da madaɓi suna bugu hat ta kwanta. Sannan a kawo ruwan makuba, wanda anka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a yi ta shahwawa. In ya bushe sai ya yi duhu, ya yi tauri, ruwa ba ya cin shi, tsintsiya ba ta tone shi. Ba a naɗe daɓe, ba a ɗauke shi, ya zama jikin ƙasa. Kuma kowace tsohuwa ta san in ba a gyara ƙasa ba, daɓe hwashewa shika yi ko da makuba ta yi kyau. Wanga hwenti naku ba haka shike ba?

Malam Bello mai fentin mota: Allah ya ƙara girma, Baba, haka yake, musamman maganarku ta ƙarshe. Kusan duk wanda ka ga yana ɓarewa falle-falle, laifin gyaran wuri ne. A fara da wanki da ruwa da sabulu, sannan a goge da ruwan cire maiƙo, tun kafin a taɓa samfefa. Wanda ya fara da samfefa ya tura gris da baƙin mai cikin ƙarzuwar ne, fenti kuma ba ya kama mai. Kada a goge da fetur, yana barin nasa maiƙon. Bayan nan samfefa mai lamba 80 zuwa 180, a kashe ƙyallin fentin asali gaba ɗaya. Ba sai an kai ga ƙarfe ba in fentin yana da lafiya, amma duk inda ya rage yana sheƙi, daga nan ɓarewa za ta fara, kuma yawanci lunguna ne da cikin kwarin layukan bodi inda hannu ke ƙyuyar shiga. Tsatsa a ci ta da giranda har ƙarfe ya yi fari, a sa faraima, wato fentin farko da ke kama ƙarfe, mai haɗi irin ta efoksi. In aka rufe tsatsa da ranta, tana ci gaba a ƙasa, wata rana ta kumburo. Alminiyam da ƙarfe mai ruwan tutiya suna son faraima mai cin ƙarfe. Bambar roba tana da tata faraimar ta musamman, in babu ita da farce ma za a ɓare fentin.

Wajen feshi, ƙarfin iska tsakanin fam (psi) 40 zuwa 60 a agogon kwamfuresa, bakin bindiga kamar santimita 45 daga ƙarfe. Ƙarin iska yana ba da kaushi mai ƙananan ƙwayoyi, raguwarta manya, don haka a gwada a kan kwali tukuna. A zubar da ruwan tankin kwamfuresa kafin a fara, domin ruwa in ya haɗu da hadina iska yake haifarwa, fentin ya yi ƙuraje. Shafi biyu sirara da tazarar kamar awa ɗaya sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda samansa zai bushe cikinsa yana ɗanye. A cire tef tun fentin bai sandare ba, in ba haka ba sai da wuƙa. A yi da sassafe a inuwa, ƙarfen da ya sha rana ba a fesa masa.

Malama Hadiza: Na janye sulke, daɓe ya fi shi. Abu biyu zan ƙara. Hadinar nan tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan. Takunkumin kyalle ko na asibiti ba ya tare shi. Mafi kyau shi ne mai kawo iska ta tiyo, mafi ƙaranci mai gwangwanin gawayi biyu sababbi, da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska, yara su yi nesa. Na biyu, a duba ko an rubuta cewa yana jure hasken rana. Wanda ba ya jurewa, baƙinsa yakan koma toka-toka yana fitar da gari in ka shafa, kuma ranar Sakkwato ba ta ɗaukar lokaci wajen nuna wannan.

Nura: Amma daɓe na ƙasa ne. Yanzu mutane suna yi wa bamba, matakalar gefe, karagar sama, cikin mazaunin taya. Za a ce an yi wa bamba daɓe?

Injiniya Sani: Sai a raba, ƙanena. Abin da ke cikin kwalba shi ne fentin daɓe, duk inda aka shafa shi. Aikin da aka gama a bayan mota shi ne daɓen mota. An yi wa bamba fentin daɓe, an yi wa Hilux daɓe. Sunan ma zai taimaka wajen tuna inda ba a kai shi. Ba a yi wa salansa da jikin inji, zafi zai ƙone shi. Ba a yi wa birki, ko fuskar rim inda take zama a kan hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya, domin kaurin zai lotse a hankali notin taya ya saki. A toshe zaren kusoshi da ramukan fitar ruwa, a rufe inda wayar at, wadda ke mayar da lantarki ta jikin mota, take ɗaure da bodi, kada fentin ya rufe lambar shasi saboda masu duba takardu. Hinjin ƙofar baya da makullinta ma a rufe su, in ba haka ba ƙofar ta daina kamawa.

Alhaji Garba mai albasa: To na yarda, shimhiɗa ta kwandon roba ce, hwentin daɓe na kwalba. In na aiki yaro sai shi ce mai haɗi ko marar haɗi. Lita nawa za ta ishe Hilux mai ƙohwa huɗu, kuma yaushe zan ɗora kaya? Lokacin albasa bai jiran kowa.

Malam Bello mai fentin mota: Mai haɗi za ku saya, Alhaji, shi ke jure jan kaya da zubar mai. Bayan motar taku kamar mita ɗaya da rabi ne tsawo da faɗi, zurfi ya kusa rabin mita. Da ƙasa da bango da ƙofar baya da lanƙwasar layuka, a lissafa murabba'in mita 6. Lita ɗaya tana rufe kamar mita 3 a shafi ɗaya, shafi biyu lita 4 ke nan cif, wato kwali guda mai kwalba huɗu. In za a haɗa da bamba a ƙara kwalba. Ku ce a yi muku mai ƙananan ƙwayoyi, manyan suna cin buhu a hanya mai gargada. Cikin awa ɗaya zai bushe a hannu, kada wannan ya ruɗe ku: kaya marasa nauyi bayan kwana 2 zuwa 3, buhunan albasa da taki sai ya cika mako, kuma a kwanakin farko kada ruwa ya kwanta a kai.