Ina nazarin BPD, kuma ina ganin alamunsa a wajen aminiyata

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ina ajin ƙarshe a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kuma aikin kammalawata a kan BPD yake, wato matsalar ɗabi'ar nan da ake ce wa bodalain. Ba ma shi na so ba tun farko. Batutuwa uku na kai, malamin da ke duba ni ya soke biyu, gabatarwa kaɗai sau huɗu na sake ta, wata uku ina fama kafin ya sa hannu. To tun da na shiga karatun, duk shafin da na buɗe sai in ga aminiyata. Shekararmu shida tare. Yau ni ce babu kamata a duniya, gobe don na yi awa biyu ban amsa saƙo ba, na zama maƙiyiya. Akwai daren da ta kira ni sau 11 tana kuka, wai ta san zan guje ta. A littafin DSM-5, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa wajen gano ciwo, alamun BPD 9 ne, ana neman 5, ni na ƙirga mata 7. Yau sati biyu ke nan ta toshe ni ko'ina. Barci ya gagara, rubutun ma ya tsaya. Yaya zan yi?

Anti Rabi: Wa alaikis salam ƙanwata. Kin ba mu labarin malaminki tas, amma me ya faru ranar da ta toshe ki?

Ɗaliba: Anti, jerin alamun na tura mata, na sa alama a kan waɗanda na gani. Wallahi don ta nemi taimako ne.

Malam Nura: Nan kika yi kuskure, kuma babba. Ɗalibi ba ya yanke wa kowa ciwo, ballantana wanda yake ƙauna. Ƙwararre ma sai ya zauna da mutum, ya bi tarihinsa na shekaru, ya ware wasu cututtukan. Sau da yawa ana rikita BPD da ciwon baifola, wato wanda yanayin mutum ke juyawa tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki, alhali a baifola yanayi kan ɗauki kwanaki ko makonni, a BPD kuwa yakan juya cikin awanni, galibi saboda wani abu da ya faru tsakaninsa da mutane. Kuma ki duba: alama ta farko a jerin naki ita ce tsananin tsoron a rabu da mutum. Kin ɗauki mai wannan tsoron kin miƙa mata takarda mai cewa ke ce mai matsala. Me kike jira ta ji?

Maman Fadil: Ni dai in kin ji tawa, ki gode wa Allah da ta toshe ki. Shekara tara na yi da mai irin wannan hali. Da safe yabo, da dare zagi, in na ce zan tafi ya ce zai kashe kansa. Har yau in waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Babu wanda ya taɓa tambayata yaya nake, kowa haƙuri yake ba ni.

Zee: Maman Fadil, Allah ya sanyaya miki, amma ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Ni likita ya tabbatar mini da BPD shekara huɗu da suka wuce. Lokacin da nake ce wa mutum na tsane shi, a cikina roƙonsa nake kada ya tafi. DBT, wato wani salon magani ta hanyar tattaunawa da koyon sarrafa zuciya, ya taimake ni ƙwarai, na koyi tsayawa kafin in tura saƙon da zan yi nadama. Marsha Linehan da ta ƙirƙiro shi ma, a 2011 ta fito ta faɗi irin fama da ta yi da kanta tana budurwa. 'Yar'uwa, ki samu hanya ki ba ta haƙuri, kada ki ambaci ciwo ko kaɗan.

Malam Nura: Haƙuri yanzu bai dace ba, ki bar ta ta huce. Binciken Mary Zanarini a asibitin McLean na Amurka ya nuna mafi yawan masu ciwon alamunsu na lafawa cikin shekara 10, to ba abin gaggawa ba ne. Abin gaggawa shi ne aikinki. Ki je ki canza batu, kin riga kin kasa raba karatu da zuciya.

Anti Rabi: Malam, in yarinyar ta taɓa maganar cutar da kanta fa? Wannan ba ya jiran shekara 10, sai a sanar da wani nata a kai ta ga likita. Ƙanwata, ta taɓa?

Ɗaliba: Malam, ba zan iya canza batu ba, wata biyu suka rage. Kuma ni ban ce ni likita ce ba. Amma shekara shida ni nake ɗaukar wayarta tsakar dare, wa ya fi ni saninta? Da na yi shiru ma cewa za a yi na gani na ƙyale.

Zee: Ba ki amsa wa Anti Rabi ba.

Ɗaliba: Sau ɗaya, bara. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ina da lambar yayarta, amma in na kira, na san har abada ba za ta ƙara yi mini magana ba.